Yadda Zaka Saita Makirfo A Jikin Miksa Murya Ta Fito Tas

Yawancin lokacin da kaji murya tana fashewa a taro ko lasifika tana kuwwa, ba makirfo bane ya lalace, gain, wato abin murɗawar nan da ke can saman layin kowane makirfo a jikin miksa, shi ne ba'a saita daidai ba. Mutane da yawa sun ɗauka gain shima abin ƙara sauti ne kamar feda, wato abin nan da ake turawa sama da ƙasa a ƙasan layin, sai kaga ana tsakiyar taro mutum ya kai hannu can sama yana ta murɗawa. Aikin gain shine ya karɓi ɗan raunin siginar da makirfo ke turowa ya ɗaga ta har ta kai ƙarfin da miksa zata iya aiki da ita, sau ɗaya ake saita shi a barshi, feda ce ta ƙarawa da ragewa.

Toh kafin ka jona komai ka sauke fedar layin har ƙasa, ka sauke masta, wato babbar fedar da ke riƙe da sautin duk layukan, ka murɗa gain hagu har ya tsaya, amfilifaya kuma, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti zuwa lasifika, ta kasance a kashe don ita ake kunnawa a ƙarshe kuma ita ake fara kashewa. Sai ka cusa wayar XLR ɗin nan mai haƙora uku a ramin da aka rubuta MIC har ta zauna daram.

Daga nan ka duba wane irin makirfo ne a hannunka. In dainamik ne irin su Shure SM58 baya buƙatar wuta. In kondensa ne sai ka danna inda aka rubuta 48V, in ba haka ba ko tari bazai ɗauka ba, amma ka jona wayar tukuna sannan ka kunna, kuma layin yana rufe, wato an danna masa MUTE. A ƙananan miksa da yawa maɓalli ɗaya ne ke ba duk layukan wannan wutar, don haka in akwai makirfo ribon, wani irin makirfo mai siririn ƙarfe a ciki, a jone ka yi hattara, wutar zata iya lalata shi. PAD kuwa, maɓallin da ke rage ƙarfin sigina, ka barshi a kashe indai murya ce, na abu mai ƙara sosai ne kamar ganga.

Yanzu ga asalin aikin. Ka danna PFL ko SOLO na layin, wannan zai sa mitar miksa ta nuna maka siginar wannan makirfo kaɗai tun kafin ta isa feda. Ka sa wanda zai yi magana ko waƙa ya riƙe makirfo kusa da baki, kamar yatsu biyu zuwa uku tsakani, ya yi da ƙarfin da zai yi a gaban jama'a, don Allah ka nace akan wannan, saboda kusan kowa a wajen gwaji a hankali yake cewa ɗaya biyu, ana fara taro kuma ya ɗaga murya komai ya rikice. Yana magana kana murɗa gain dama a hankali idonka na kan mita, koren fitila ta dinga hawa tana kaiwa wajen 0, in ya ɗaga murya ta ɗan taɓa rawaya ta dawo babu laifi, amma da zarar jar fitilar PEAK ta haska ka koma baya kaɗan. In miksar dijital ce lissafin daban ne, 0 ɗinta shine ƙarshe, ka tsaya wajen -18. In gain yayi ƙasa da yawa zaka tura feda har ƙarshe kana jin wani shuuu a bayan murya, in yayi yawa kuma murya ta fashe tun daga shigowarta, duk yadda ka sauke feda bazata gyaru ba.

Ka saki PFL, ka danna maɓallin HPF, wasu suna rubuta LOW CUT ko 80 ko 100, shi ke yanke gurnanin ƙasa da bugun hannu a jikin makirfo, ni dai duk makirfon murya ina danna masa. EQ, wato abubuwan murɗawa masu gyara kauri da kaifin murya, ka fara dashi a tsakiya duka, in murya ta yi kamar daga cikin kwali take fitowa ka rage wajen 250 zuwa 400 Hz, ragewa ta fi ƙarawa lafiya. PAN, mai karkata sauti hagu ko dama, shima a tsakiya.

Sai ka kunna amfilifaya, ka buɗe layin, masta ta hau 0, sannan ka tura fedar layin a hankali zuwa 0 ko U. In sauti yayi yawa a nan, amfilifaya zaka rage ba gain ba. Monitan mai magana, wato lasifikar da yake jin kansa da ita, da abin murɗawar AUX ake tura masa sauti, kaɗan kaɗan. In kuwwa ta taso ka ja feda ƙasa nan take, ka duba ko makirfo yana gaban lasifika ko mai magana ya dunƙule kan makirfon da tafin hannu, ka gyara wannan ɗin tukuna sannan ka mayar da feda.