Idan ƙunshin Debian ya ƙi ginuwa: kurakuran da aka fi yi

Yawancin masu gina ƙunshin manhaja a Debian ko Ubuntu daga ƙasa suke fara karanta log, wato jerin saƙonnin da gini ke fitarwa. Layin ƙarshe mai cewa `Error 2` sanarwar rasuwa ce kawai, cutar tana can sama. Ka sa `DEB_BUILD_OPTIONS="parallel=1"` gaban `dpkg-buildpackage -us -uc -b` don saƙonni su daina cakuɗewa, sannan ka nemo `error:` na farko.

Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne `zlib.h: No such file or directory`. Wato ƙunshin `-dev`, mai ɗauke da fayilolin `.h` da gini ke buƙata, ne babu. `apt-file search zlib.h` zai nuna maka `zlib1g-dev`. A nan ake yin kuskuren da ya fi ba mu haushi: mutum ya girka shi a kwamfutarsa, gini ya wuce, ya ce ya gyara. Gobe wani ya gwada a tasa, a koma gidan jiya. Sai an rubuta sunan a `Build-Depends` cikin `debian/control`, an kuma gwada da `sbuild` ko `pbuilder`, masu gini a wuri mai tsabta inda babu komai sai abin da aka rubuta. In `apt build-dep`, mai girka abubuwan da ke `Build-Depends`, ya ƙi, duba ko an kunna `deb-src`, wato ma'ajiyar lambar asali. A Ubuntu 24.04 ana ƙara shi ne a layin `Types:` na `/etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources`.

Tsohuwar manhaja da sabon GCC, mai fassara lambar C zuwa harshen inji, ma ba sa ga maciji. Tun GCC 10 na 2020, `variable` ɗaya da aka ayyana a fayil biyu yana jawo `multiple definition`; ka sa `extern` a fayil ɗin `.h`, ayyanawar ta zauna a `.c` guda. GCC 14 na 2024 kuwa yana tsayar da gini kan `implicit declaration of function`, maganinsa galibi `#include` ɗaya ne da aka manta. Kada ka bar gyaran a warwatse cikin lambar asali, `dpkg-source` zai ƙi. `dpkg-source --commit` zai mayar da shi faci a `debian/patches`.

Wani lokaci laifin na injin ne. `Killed signal terminated program cc1plus` na nufin RAM ta ƙare, abin da kwamfuta mai 4 GB ta saba da shi. Rage `parallel`, ka ƙara swap, wato wuri a faifai da ke tallafa wa RAM: `fallocate -l 4G /swapfile`, `chmod 600`, `mkswap`, `swapon`.

A Damagaram akwai kuma batun wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar gini, takan bar fayilolin `.o` da gini ke samarwa rabi da rabi, shi kuwa `make`, mai tafiyar da ginin, ya ɗauka an gama su. Yi `fakeroot debian/rules clean` kafin ka sake. Tsofaffin kwamfutocin tebur na gwanjo kan zo da mataccen batirin CR2032 mai riƙe agogo, agogo ya koma baya, `make` ya ce `Clock skew detected`, `apt` ya ce `not valid yet`. Canza batirin, ka sa `timedatectl set-timezone Africa/Niamey` da `timedatectl set-ntp true`.