Hoto Ɗaya Kowace Rana: Yadda Za Ka Fara da Wayar da ke Aljihunka

Dokar wasan guda ce: kowace rana ta Allah ka ɗauki hoto, ka zaɓi ɗaya tak, ka ajiye shi da kwanan watansa. Ba kofi ake ci ba, ba kuma alƙalin da zai ba ka maki. Masu yinsa a intanet suna kiransa Project 365, saboda kwanakin shekara, kuma akwai dandalin da aka gina musamman dominsa, wato Blipfoto na ƙasar Sikotilan, inda hoto ɗaya kawai ake yarda ka saka wa kowace rana. Amma abin ya girmi intanet ɗin. Wani mutumin New York mai suna Jamie Livingston ya fara ɗaukar hoto kullum da kyamarar Polaroid a ƙarshen watan Maris na 1979, bai daina ba sai ranar da ya mutu, 25 ga Oktoba 1997. Hotuna sama da 6,000 ya bari.

Ni tela ne, a Fagge shagona yake, kuma da wayar Tecno nake ɗaukar nawa. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce sai ya sayi babbar kyamara tukuna. Wanda ke jiran kyamara, idan ta zo zai koma jiran lokaci.

Ka fara da yanke wa kanka ƙa'ida, kuma ka yi ta ƙarama. Tawa ita ce daga asuba zuwa isha'i, hoton ranar sai an ɗauke shi a ranar. Ba a ranto na jiya, ba a yi wa gobe tanadi. Wasu rukunoni suna fitar da jigo kowace safiya, yau "ja", gobe "inuwa", jibi "hannu". Wannan yana taimakon sabon shiga, domin ya sauke masa nauyin tunanin me zai ɗauka. Sai dai ka lura, yawancin jerin jigogin nan a Turai da Amurka ake rubuta su, za ka wayi gari a tsakiyar Janairu an ce maka ka ɗauko dusar ƙanƙara. Kada ka damu kanka. Ku haɗu ku uku ko huɗu a WhatsApp, kowane mako mutum ɗaya ya rubuta jigo bakwai daga abin da ke gabanku: buta, ƙofar zaure, kura ta 'yan garuwa, hular zanna, hayaƙin mai tsire, kan layi bayan an tashi daga makaranta. Kada rukunin ya yi yawa. Da zarar an wuce mutum goma sai ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a.

Haske kafin komai

Idan akwai abu ɗaya da wannan wasa zai koya maka, haske ne. Kafin in fara, rana rana ce kawai a wurina, ko tana da zafi ko ba ta da shi. Yanzu na san cewa da hantsi takan shigo ta ƙofar shagona ta kwanta a kan teburin yanka, ta fito da kowane zare na shadda har ka iya ƙirga shi, kuma kafin in gama shan kunu ta janye. Ka nemo irin wannan a inda kake wuni. Wane lokaci haske ke shigowa, ta ina, a kan me yake sauka? Wannan binciken ya fi duk wani darasin bidiyo amfani.

Lokuta biyu ne masu daɗi a waje: awa guda bayan fitowar rana, da la'asar sakaliya, lokacin da katangar ƙasa ke yin ja kamar an shafa mata manja. A nan ƙasarmu wannan hasken ba ya jimawa, rana takan faɗi da sauri, don haka in ka hango shi kada ka ce bari in gama abin da nake yi. Tsakar rana kuwa abokiyar gaba ce ga fuskar mutum. Haske na dukan ka daga sama, idanu su faɗa rami, hula ta jefa baƙar inuwa har hanci. In dole ne ka ɗauki mutum da azahar, ka ja shi bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, ya fuskanci waje, kai kuma ka ba wa rana baya. Hasken bakin zaure, wallahi, ko situdiyo albarka.

Ga wata matsala da ta shafe mu musamman: baƙin mutum cikin farar riga. Waya takan ruɗe. In ta bi farin yadin sai fuska ta yi duhu, in ta bi fuska sai rigar ta ƙone fari fat, aikin wuyan duk ya ɓace, wanda ni a matsayina na tela ba na yafe wa. Maganin shi ne ka taɓa fuskar mutumin a kan allon wayar, wani ɗan hoton rana zai bayyana a gefe, sai ka ja shi ƙasa kaɗan kaɗan har aikin rigar ya fara fitowa, ka tsaya kafin fuskar ta nutse. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya haskaka shi daga baya, amma wurin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Kowane yanayi da nasa rabo. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan tace rana har ƙarfinta ya ragu, launuka su dushe, Dutsen Dala ya zama inuwa kawai daga nesa. Wasu suna ƙin wannan lokaci, ni kuwa shi na fi so, domin fuskoki sukan yi laushi ko da rana tsaka, ga masu jin ɗumi a bakin wutar mai shayi da sassafe. Damina tana kawo hadari, ka ɗaga kai yamma da gabas kafin ruwa ya sauko, bayan ya ɗauke kuma ka sunkuya ka duba kududdufi, za ka ga hasumiyar masallaci a kife a ciki. A bazara dai ka kula da wayar, in ta yi zafi sosai kyamarar takan rufe kanta.

'Yan dabarun hannu kaɗan ne, ba sa buƙatar dogon bayani. Ka goge gilashin kyamara da gefen rigarka kafin kowane ɗauka, rabin hotunan da mutane ke zargin waya a kansu maiƙon yatsa ne da ƙura. Kada ka jawo abu da yatsu biyu, yawancin wayoyinmu yanke hoton kawai suke yi su hura shi, gara ka taka ka matsa kusa. Ka kashe filasha. Ka kunna layukan nan huɗu da ke raba allo gida tara, suna cikin saitin kyamara, za su hana ka karkatar da gini, kuma za su tuna maka cewa ba dole ne komai ya zauna a tsakiya ba. Da dare ka jingina gwiwar hannunka da bango ko ka ɗora wayar a kan wani abu, ka riƙe numfashi.

Ranar da babu komai

Makon farko kowa gwani ne. Za ka je marinar Ƙofar Mata, ka hau Dala, ka kutsa Kasuwar Kurmi. Daga nan wuraren yawo su ƙare, aiki ya taso, sai ka tsinci kanka bayan magariba ba ka ɗauki komai ba, ga gajiya, ga an ɗauke wuta. A nan mafi yawan mutane ke ajiye wasan, kuma a nan ne ainihinsa yake farawa, domin yau da gobe ta fi ƙarfin wasa.

A gare mu teloli, goman ƙarshe na azumi ita ce jarrabawa. Ba fita, ba barci, ɗinkin sallah ya kai rufi. A irin waɗannan ranaku ban da abin ɗauka sai abin da hannuna zai kai gare shi ina zaune a kan keke: ƙyallayen da suka taru a ƙasa launi-launi, alli da ya kusa ƙarewa, tef ɗin awo rataye a wuyan yaron shago da barci ya sace a kan buhun yadi, dabino uku a kan murfin kwanon maɓallai ana jiran kiran salla. Da na jera hotunan shekara, waɗannan ne na fi tsayawa a kansu, ba na hawan daushe ba, wanda dubban mutane suka ɗauka daga wuri ɗaya da waya iri ɗaya.

Don haka ka tanadi abin komawa tun kafin ranar ta zo. Ka zaɓi abu guda da ba ka iya wuni ba ka gan shi ba, bishiyar darbejiyar ƙofar gida, ko teburin mai shayin layinku, ko tagar ɗakinka. Duk ranar da ka rasa, ka koma gare shi, amma da sharaɗin ba za ka maimaita kusurwar da ka taɓa yi ba. Yau ka durƙusa, gobe ka hau benci, jibi ka ɗauki inuwarsa kawai. J.D. Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, tun daga 1968 ya dage kan ɗaukar kitson mata, sau da yawa ma ta ƙeya, har ya tara kusan dubu. Abin da kowa ke gani kullum a unguwa ne, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, yau ga hotunan a manyan gidajen tarihi na duniya.

In kuma rana ta kuɓuce maka ɗungurungum, rashin lafiya ko rasuwa ko wayar ta mutu, ka bar gurbin haka nan, ka ci gaba washegari.

Mutane ba kayan kallo ba ne

Wannan ɓangaren na fi so a ji ni da kyau. Ba a ɗaga wa mutum waya haka kawai. Ka yi sallama, ka gaisa, in ciniki yake yi ka saya. Akwai wani dattijo mai gyaran takalma kusa da mu da na daɗe ina sha'awar hannunsa, yadda yake soka basilla ya ja zaren ba tare da ya duba ba. Ranar da na yi niyya sai na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki. Alfarma nake nema, in ɗauki hoton hannunka kana ɗinki."

Ya ɗago ya ce, "Ka kai shi ina, ɗan nan?"

Na ce, "Ajiyewa nake yi, Baba, kullum ɗaya. Fuska ba za ta fito ba."

Ya ce, "To, in hannu ne ga shi nan, ai ba sata ya yi ba."

Da na ɗauka na juya masa wayar ya gani. Wannan juya wayar kada ka taɓa tsallake shi, kuma in mutum ya ce goge, ka goge a gabansa ba gardama. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, ba hurumin ka ba ne ka tsaya yi musu fatawa. Matan mutane kada ka ɗauka ba izini, yara kuma a tambayi iyayensu. Almajiri da robarsa shi ne hoton da kowane sabon shiga ke rugawa gare shi, ni dai na hana kaina, domin yaron ba shi da bakin cewa a'a, kuma hoton ba ya ƙara masa ko loma ɗaya. Ka duba aikin Fati Abubakar, wadda ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta san Maiduguri da komai ba sai tashin bam. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, kowa a cikin mutuncinsa.

Barikin soja, shingen jami'an tsaro, ofishin 'yan sanda, bakin banki: ka mayar da wayarka aljihu. Sannan ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, domin hoton da ka ɗauka a tsakar gida yana iya ɗauke da adireshin gidan a ɓoye cikin fayil ɗinsa.

Zaɓe da ajiya

Ɗauka ba ta kai zaɓe wuya ba. Ka ɗauki goma ko ashirin in ka so, amma da dare ka zauna ka fitar da ɗaya, sauran ka share mafi yawansu. Tambayar da nake yi wa kowane hoto ita ce, me na tsaya dominsa, kuma ya fito? In akwai leda a gefe ko falwaya ta tsiro daga kan mutum, sai a yanke ko a bar shi. Gyara kuma kaɗan: manhajar gyaran hoto ta Snapseed kyauta ce, ka miƙe hoton, ka ɗan ɗaga duhu, shi ke nan. Filtar da ke mayar da baƙin mutum fari sol, ka rabu da ita.

Ka buɗe jaka ta musamman a waya, hoton ranar kaɗai ke shiga. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ke nan shekara guda ba za ta cika gigabait 2 ba. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma tare da saƙonnin Gmail ake cin su, ka riƙa dubawa. Dandalin ajiye hotuna na Flickr kuma yana karɓar hotuna 1,000 a asusun kyauta. Ko wanne ka zaɓa, ka tura kwafi can aƙalla sau ɗaya a mako, lokacin da data ke araha da dare, domin masu ƙwacen waya ba sa tambayar abin da ke ciki. Kada ka dogara da kwafin WhatsApp, matse hoto yake yi, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil.

Ƙarshen kowane wata ka buɗe jakar ka kalli talatin ɗin a jere. Za ka ga halinka ƙarara: wataƙila duk daga tsaye kake ɗauka, ko kullum daga nesa saboda kunyar matsawa, ko ba ka taɓa ɗaukar komai kafin ƙarfe goma ba. Abin da ka gano shi ne aikin watan gobe. Ka ware biyu ko uku ka kai a wanke maka su a takarda, ka rubuta kwanan wata da wurin a baya.

Ba sai ka jira 1 ga Janairu ko 1 ga Muharram ba. In shekara ta yi maka nisa, ka ɗaura niyyar kwana talatin, in ka cika su ka ƙara wasu. Ka sa ƙararrawa a waya bayan sallar la'asar, domin in har lokacin ba ka ɗauki komai ba, kana da sauran haske na kusan awa biyu.