Kurakuran da aka fi yi wajen bincike da koyarwa kan lafiyar ma'aikata marasa galihu

Duk shekara kundayen bincike kan lafiyar ma'aikata suna zuwa gabana, kuma yawancinsu da kyakkyawar niyya aka faro su. Ɗalibi zai ce nazarinsa a kan marasa galihu ne: leburorin gini, masu fasa dutse, 'yan aikatau, 'yan bola jari, masu feshin maganin ƙwari a gonakin wasu, 'yan ci-rani marasa takardu. Amma in ka bi kundin har ƙarshe, sai ka tarar mutanen da aka ce dominsu ake aikin sun zube a hanya. Dabarun wannan fanni an gina su ne a kan ma'aikacin masana'anta mai takardar ɗaukar aiki da albashin wata da asibitin kamfani. Alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kimanin mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abin kansu ne a ayyukan da ba su da rajista. Wanda ya ɗauki ma'aunin na farko ya ɗora wa na biyu, kuskure na jiransa tun daga babi na uku, inda ake bayyana hanyar bincike.

Wa aka ƙirga, wa aka bari

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata sakamako shi ne neman mutane a inda ya fi sauƙi. Ɗalibi ya je ofishin manaja, a ba shi jerin sunayen ma'aikata, ya zaɓi nasa daga ciki. Wannan jerin ba ya ɗauke da masu aikin yini da waɗanda ɗan kwangila ya kawo, kuma su ne ake tura wa aikin da ya fi ƙura da nauyi. Abin da ya fi wannan muni, wanda tari ya kayar har ya koma gida ba ya wurin ranar da aka zo awon huhu. Waɗanda aka samu a bakin aiki su ne masu sauran ƙarfi. Daga nan sai alƙaluma su nuna wai masu fasa dutse lafiyarsu ƙalau, har ma sun fi sauran jama'a.

Wannan tarko tsoho ne. Tun a 1885 William Ogle, mai kula da ƙididdigar mace-mace a Ingila, ya lura cewa ƙarfafa ne ke shiga aikin wahala tun farko, kuma wanda jikinsa ya gaza fita yake yi, sai mutuwarsa ta faɗa lissafin wata sana'ar. Maganinsa yana da wuya amma a fili yake. A bi sawun waɗanda suka bar aikin, ta hanyar abokan aikinsu da shugabannin ƙungiyoyin sana'a da asibitocin da ke kusa. Kada a gwada ma'aikata da jama'ar gari gaba ɗaya, domin cikin jama'a akwai marasa lafiyar da ba sa iya kowane aiki. A gwada su da wasu ma'aikata masu irin halin rayuwarsu waɗanda ba sa shaƙar ƙurar, ko kuma a raba su gida-gida bisa yawan shekarun da kowa ya yi a cikinta. In duk wannan ya gagara, a faɗa a kundin ƙarara cewa sakamakon ya rage girman matsalar.

Akwai kuma gaggawa. Cutar ƙurar dutse, wadda likitoci ke kira silikosis, takan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ta bayyana, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Kansar da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini, ke jawowa a mayafin huhu tana iya jiran shekara 20 zuwa 50. Binciken wata uku a kan samari 'yan shekara ashirin da wani abu da wuya ya ga ko ɗaya. A ɗauki tarihin aikin mutum tun daga na farko, har da wanda ya yi yana yaro.

Takardar tambayoyi da ɗora laifi

Ina jin babu irin binciken da ya kai wannan yawa: a raba takardar tambayoyi a kan me ma'aikaci ya sani game da haɗari, me yake tunani, yana sa takunkumi ko ba ya sawa. A ƙarshe a rubuta cewa ma'aikata ba su waye ba, a shirya musu bita. Wannan kammalawa tana ɓata mini rai ƙwarai, domin sau da yawa ba abin da bayanan suka nuna ke nan ba. Mai feshi ya san maganin na sa shi jiri da amai, jikinsa ya gaya masa tun kafin mu zo. Abin da ba a tambaye shi ba shi ne: wa ke sayen kayan kariyar? Ana iya aiki da su cikin zafin rana? Girman wa aka ɗinka su, tunda yawancinsu da jikin namiji aka auna? Kuma yaya ake biyansa? Wanda ake biya bisa yawan buhunan da ya ɗauka, duk hutun minti goma daga aljihunsa yake fita.

Dubi masu yankan rake a Nikaragwa da El Salbado, inda cutar ƙoda ta yi ta kashe maza masu ƙarfi waɗanda ba su da ciwon suga ko hawan jini. Masu bincike sun danganta ta da aikin ƙarfi cikin tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, kuma gyaran da aka gwada ya shafi tsarin aikin kansa: ruwan sha a kusa, inuwa, da hutu a kan ƙa'ida. Da lacca kawai aka yi musu a kan amfanin shan ruwa, da ba abin da ya sauya.

Fannin yana da matakan kariya da kowane ɗalibi ya haddace amma yake mantawa idan ya zo rubuta shawarwari. Na farko a kawar da haɗarin, in bai yiwu ba a musanya shi da abin da bai kai shi illa ba, sannan gyaran na'ura da wurin aiki, sannan sauya tsarin aiki, takunkumi da safar hannu su ne na ƙarshe. Zuba ruwa a bakin injin yankan dutse yana rage ƙura ga kowa a wurin, har da mai wucewa. Shawarar da ta fara da takunkumi ta fara ne daga wutsiya.

Sai batun awo. Iyakokin ƙura da ƙara da makamantansu da ke cikin littattafai an lissafa su ne a kan aikin awa 8 a rana, awa 40 a mako. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ita ce iyakar awa 8 a ma'aunin da aka fi ba da shawara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. To yaya batun mai yin awa 12, kwana bakwai a mako, kuma a shagon yake kwana? Ba za a ce yana ƙasa da iyaka a wuce ba. Tsawon lokacin ma haɗari ne mai zaman kansa: Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya a 2016. A auna awannin gaskiya. A kuma tuna cewa dalma na bin tufafin mai fasa tsohon batir har gida, inda yara ke rarrafe.

Amana

Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya yi hira da leburori a gaban mai gidansu, kowa ya ce masa babu matsala. Me kuma za su ce? Sa hannu a takardar amincewa, wanda ake bi tun bayan Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, ba ya wadatarwa ga mutumin da za a iya kora gobe da safe ba tare da sisi ba. A yi hirar nesa da wurin aiki, a lokacin da ba zai ci masa kuɗin yini ba, cikin harshen da yake mafarki da shi. Kada a rubuta sunan wanda ba shi da takardun zama, kada a sa hoton da za a gane fuska ko wuri. Idan awo ya nuna huhun mutum ya taɓu, a gaya masa shi kaɗai, a nuna masa inda zai je, kuma tun kafin a fara binciken ya kamata a shirya wannan. Ɗibar jinin mutane a tafi ba a waiwayo ba cin amana ne, kuma yana rufe ƙofa ga duk mai binciken da zai zo daga baya.

A cikin aji

Mu malamai ba mu kuɓuta ba. Mukan koyar da fannin daga allo, da hotunan masana'antun da ɗalibanmu ba za su taɓa shiga ba. Gani ya kori ji: yini ɗaya a wurin gini ko juji, da littafin rubutu a hannu, ya fi lacca uku. A gayyato ma'aikaci ya tsaya gaban aji ya bayyana aikinsa daki-daki, a kuma biya shi ladan lokacinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wajen koyar da doka ma mukan tsaya a haddar lambobi: yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 155 ta 1981 kan lafiya da kariya a wurin aiki, ta 189 ta 2011 kan masu aikin gida, da matakin 2022 da ya sa lafiyayyen wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata. Duk suna da muhimmanci, sai dai a sa ɗalibi ya binciko ko ƙasar da yake nazari ta rattaba hannu, ko dokarta ta ambaci mai aikin gida da sunansa, da yawan jami'an duba wuraren aiki da take da su.

Ga ɗaliban likitanci da jinya kuwa, akwai tambayar da likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, ya ce a ƙara tun a 1700: wane aiki kake yi? Har yanzu katin asibiti kan ce “lebura” ko “matar gida” ya yi shiru, alhali matar na yini tana haɗa takalma da gam mai wari a ɗakin da ba taga. A koya musu su ci gaba da tambaya: me kake taɓawa, me kake shaƙa, awa nawa, ciwon na sauƙi ranar da ba ka je aiki ba, akwai abokin aikinka mai irin wannan tarin? Ni a jarrabawar gwaji nakan rage maki ga duk ɗalibin da ya gama duba mai tari bai yi waɗannan tambayoyi biyar ba.