Yadda ake gina baƙar tukunya irin ta Gbagyi

Duk wanda ya taɓa juya naira 20 ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, to irin ginin nan har yau matan Gbagyi suna yinsa a Kwali da Ushafa da Tatiko ta jihar Neja, ba inji ba lantarki, hannu ne kawai. Kuma abin da ke damuna mutane da yawa sun ɗauka fenti ake shafawa take yin baƙi, wallahi ba fenti bane, hayaƙi ne da makuba, wato ruwan dafaffen ɓawon ɗorawa.

Ki fara jiƙa yumɓunki ya kwana biyu, ki tsince tsakuwa da saiwoyi. Sai ki daka tsofaffin tsingaro su zama gari ki zuba a ciki ki kirɓa sosai, kar ki yi ƙyuyar wannan, shi ke hana tukunya fashewa a wuta.

Ki ɗora curin a kan kasko, ki luma hannu tsakiya kina jan yumɓun sama, ke ce za ki dinga zagaya tukunyar tana zaune wuri ɗaya. In tsayi ya gaza ki murza wani yumɓun kamar igiya ki ɗora a baki ki haɗe, ki kankare da sakaina, bakin kuma ki bi shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da ta sha iska amma bata bushe ƙarau ba sai ki goge ta da dutse mai santsi har ta fara ɗaukar ido, sheƙin nan daga nan yake. A inuwa ake shanya, musamman lokacin hunturu, in ba haka ba ta tsage.

Tun kafin ranar gashi ki dafa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi duhu, makuba kenan, wadda kakanninmu ke yin daɓe da ita. Ki kifa tukwanen kan garwashi su ɗumama tukuna, sannan ki jera su kan itace ki rufe da busasshiyar ciyawa ki cinna wuta.

To nan fa aikin yake, kuma ba a jira. Da wuta ta lafa ki zaro tukunya da doguwar sanda tana zafi jau, ki tsoma ganye a makuba ki yayyafa mata ciki da waje, za ki ji cuuu tururi ya tashi, nan take ta rine. In baƙi ƙirin kike so ki turbuɗa ta cikin ƙaiƙayi ko dusar katako da zafinta, hayaƙin ya rasa hanyar fita ya shige jikinta. Wadda ta huce kuwa ko kin juye mata bokiti guda ba zai kama ba.

Randar ruwa dai kar ki cika mata makuba, sai tana tsattsafo ruwa ke sanyi. In sun huce ki ƙwanƙwasa kowacce da yatsa, mai ƙara ƙal-ƙal ta gasu, wadda muryarta ta dushe akwai tsaga, ki ajiye ta a daka a ginin gaba.