Masu ɗaukar hoton Orion Nebula a Legas, ga inda ake yawan tafka kuskure

Da Disamba ta kama za ka ga samari sun haye saman bene a Agege ko Obalende da kyamara suna farautar M42, wato Orion Nebula, wannan gajimaren gas da ƙura da ke ƙasan taurari ukun nan da suka jeru a rukunin taurarin Orion, inda har yanzu sabbin taurari ke fitowa, nisansa wajen shekarun haske 1,350. Washegari sai ƙorafi wai kyamarar ce ba ta da kyau. Haba malam, Henry Draper, wani mai nazarin taurari ɗan Amurka, tun 1880 ya ɗauke shi da farantin gilashi fa.

Babbar matsalar ita ce barin shata a buɗe sakan 30 alhali ba ka da tiraka mai bin juyawar sama, taurarin duk su zama jirwaye. In lens ɗinka 200mm ne kar ka wuce sakan 1 zuwa 2, ka ɗauki ɗaruruwa a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ban da JPEG, sannan ka tara su su zama hoto guda a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne, a nan za ka ga launin ja-ja ya fara fitowa wanda a hoto guda ba ka ganin komai sai toka.

Masu tiraka su ma suna da tasu, tauraron arewa Polaris da ake saita ta da shi a Legas bai wuce wajen digiri 7 daga ƙasa ba, gini da hazo sun rufe shi, sai dai kamfas ɗin waya da haƙuri. Kuma doguwar ɗauka tana ƙone tsakiyar, wurin taurari huɗun Trapezium ya zama fari fat, to ka haɗa da 'yan gajeru na sakan 2 ko 3.

Fokas kuma kar ka yarda da alamar infiniti, kashe oto-fokas, zuƙo Rigel, tauraro mai haske a Orion, a sikirin ka murɗa a hankali har ya koma ɗan ɗigo.

Farin wata yana wanke sama tas, jira ƙarshen watan sama ko kwanakin farko. In da hali a fita wajen Epe ko Badagry, fitilun gari sun yi yawa. Raɓa kuwa kun san Legas, kafin ƙarfe ɗaya gilashin ya jiƙe, riƙa haskawa kana dubawa. Kuma don Allah a nisanta tirayfod daga janareta, girgizar dakali kaɗai ta isa ta ɓata aikin dare guda.