Ma'aurata masu ƙaramar sana'a a Amurka: yadda za ku riƙe lissafi ku cika takardar haraji

Abin da yake ɓata min rai duk lokacin haraji shi ne in ga mutum biyu sun yi aure, tare suke buɗe shago tare suke rufewa, amma a takarda sunan mutum ɗaya ne kawai, ɗayan kamar bai taɓa ɗaga ko kwali ba. Wannan kuskuren yana cin mutane daga baya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Da farko dai, wa hukumar haraji ta IRS take kira ma'aurata? Duk wanda aka ɗaura wa aure bisa doka, namiji da mace ne ko jinsi ɗaya ne, doka ɗaya ake musu. Tun 2013 abin ya koma haka, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Edith Windsor, wadda aka karɓe wa haraji sama da dala 363,000 a kan gadon matarta saboda gwamnatin tarayya ba ta san da aurensu ba. A shekarar ce IRS ta ce inda aka ɗaura auren take dubawa, ba jihar da kuke zaune ba, sai kuma wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 ya sa duk jihohi suka amince da auren jinsi ɗaya. Amma fa rajistar zaman tare da wasu jihohi suke yi wadda ba aure ba, gwamnatin tarayya ba ta lissafa ta a aure. Kuma ranar 31 ga Disamba ake dubawa, in ranar kuna da aure to duk shekarar ku ma'aurata ne, babu maganar cika fom a matsayin gwauro, ko dai ku haɗa takarda ɗaya ko kowa ya cika tasa a matsayin mai aure.

To yanzu sana'ar. In ku biyu ne masu ita, IRS ta ɗauke ku abokan haɗin gwiwa ko ba ku taɓa rubuta yarjejeniya ba, wato fom 1065 kenan wanda ake kaiwa zuwa 15 ga Maris, ba Afrilu ba kamar takardar harajin mutum, kuma in kun makara tarar sama da dala 200 ce a kan kowane mutum a kowane wata, tana taruwa kafin ku farga. Amma akwai hanya mai sauƙi tun 2007 da suke kira qualified joint venture. Sharaɗin shi ne ku biyu kaɗai ne masu sana'ar, ku biyun kuna aiki a cikinta da gaske, kuna cika takarda ɗaya, kuma ba ku yi mata rajistar LLC ba, wato kamfanin da doka ta raba bashinsa da na masu shi. In haka ne sai ku raba kuɗin shiga da kashewa daidai rabon kowa, kowa ya cika Schedule C nasa (fom ɗin riba ko asarar sana'a) da Schedule SE nasa (fom ɗin harajin mai aikin kansa), shi kenan babu 1065.

Nan ne nake so ku tsaya ku gane. Harajin mai aikin kansa kashi 15.3 ne cikin ɗari, yana hawa kanka da zarar ribarka ta kai dala 400, kuma shi ne yake tara maka maki a Social Security (tsarin fansho na gwamnati) da Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi). Maki 40 ake nema kafin a ci kuɗin ritaya da sunan kanka, kusan aikin shekara goma kenan. In duk ribar a sunan mutum ɗaya take shiga, ɗayan zai yi shekara da shekaru yana wahala amma littafinsa fayau, ranar da rashin lafiya ta zo ko aure ya mutu sai a ga ba shi da komai a rubuce. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu LLC kuwa ba za su tsira daga 1065 ba, sai dai in kuna jihohin da doka ta ce dukiyar aure ta haɗaka ce, irin su Kalifoniya, Texas, Arizona, Nevada da Washington, su tara ne, a can ana yarda a ɗauki kamfanin kamar na mutum ɗaya. Sauran jihohi 1065 ne. In kuma ɗaya ne mai sana'a ɗayan ma'aikaci, to a biya shi albashi na gaske a ba shi W-2, wato takardar shaidar albashin shekara, a cire masa haraji kamar kowa.

Maganar lissafin yau da kullum ba ta da wuya, naci kawai take so. Ku buɗe asusun banki na sana'a daban, kada kuɗin cefane da na kaya su haɗu a kati ɗaya, lambar EIN kuma, wato lambar harajin sana'a, kyauta IRS take bayarwa kada wani ya karɓi kuɗinku. Kowane rasit ku ɗauke shi hoto ranar da aka ba ku don tawadarsa gogewa take yi, ku shigar a manhajar lissafi irin QuickBooks ko Excel duk ƙarshen sati, tafiyar mota ta sana'a ma a rubuta kwanan wata da nisan. Ku ajiye takardu aƙalla shekara uku, na albashin ma'aikata shekara huɗu. In kuna ganin harajin da za a biyo ku zai kai dala 1,000, ku riƙa biya kashi-kashi da fom 1040-ES, 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu.

Abu ɗaya kuma, takardar harajin da kuka haɗa a matsayin ma'aurata in kun sa mata hannu kowannenku ya ɗauki nauyin duk bashin da ke ciki, ko da ɗayan ne ya ɓoye kuɗi, ko da kun rabu daga baya. Akwai fom 8857 na neman a cire wanda bai san komai ba amma ba a cika samu da sauƙi ba, don haka ku zauna tare ku karanta ta layi-layi kafin kowa ya ɗauki biro.