Kurakuran da ake yi wajen sayen na'urar karatu mai sauƙin kuɗi

Tun da kuɗin fotokwafi ya fara yi wa ɗalibai nauyi a Yelwa da Gwallameji, na'urorin karatu irin su Kindle da Kobo suka shiga bakin mutane a Bauchi. Fuskarsu ba ta dallare ido kamar ta waya, ana karanta su a tsakiyar rana tamkar takarda, kuma caji ɗaya kan kai makonni, abin da ba ƙarami ba ne a inda wuta ke zuwa ta tafi ba sallama. Duk da haka akwai waɗanda suka saya suka ajiye bayan wata guda, ba don ta lalace ba, sai don tun farko ba irin wadda ta dace da su suka ɗauka ba.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne a fara tambayar farashi kafin mutum ya tambayi kansa me zai karanta. Masu araha kusan duk inci 6 ne, wato faɗin fuskar kimanin santimita 9, tsawonta 12. Takardar A4 kuwa, wadda da ita ake buga handawut da furojet, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Littafin da ke tsarin EPUB, wato fayil ɗin da aka tsara don irin waɗannan na'urori, ba ruwansa da wannan bambanci, don kana ƙara girman haruffa sai layukan su sake jeruwa daidai da fuskar. PDF ba haka yake ba. Yadda aka tsara shafin haka zai zo, sai dai na'urar ta matse shi ya koma ƙasa da rabin faɗinsa. In kuma handawut ɗin da waya aka ɗauki hotonsa, ga inuwar yatsa a gefe ga shafin a karkace, to hoto ne kawai, babu haruffan da za a ƙara wa girma. Sai ka ga ɗalibin injiniya ya sa yatsu biyu ya buɗa jadawalin lissafi, fuskar ta yi baƙi ta dawo, ya ja gefe don ya ga ƙarshen layi, ta sake ƙiftawa, ga kuma burbushin shafin baya bai gama gogewa ba. Kafin ya kai shafi na goma ya koma wayarsa.

Akwai dabarun rage wannan wahala. Ka kwantar da shafin ya zama a kwance, faɗin ya koma santimita 12, kana karanta rabi-rabi. Ka yanke fararen gefuna a kwamfuta da manhajar Briss ko k2pdfopt, duk kyauta ne. In wanda ya rubuta takardar yana da ita a Word, roƙe shi ita, ka mayar EPUB. Amma almajiran ilimi su yi hattara da yankan gefe: tsofaffin littattafan fiƙihu da nahawu da aka yi wa sikanin, hashiyarsu a gefen take, kana yankewa ka zubar da rabin karatun.

Ni dai a ganina, wanda mafi yawan karatunsa irin waɗannan takardu ne, kada ma ya wahalar da kansa da inci 6. Na'urorin da suka dace da shi su ne masu inci 10, kamar Kindle Scribe mai 10.2 ko Kobo Elipsa mai 10.3, kuma kuɗinsu ya ninka na ƙaramar sau uku ko fiye. In aljihu bai kai can ba, tabulet ɗin Android mai inci 10 da fawa banki sun fi masa amfani, ko da ido zai ɗan gaji. Ƙaramar ta masu karanta labarai ce da tarihi da duk littafin da rubutu ne zalla.

Wani rami da ake yawan faɗawa shi ne na Fire. Amazon na yin tabulet da a da ake kira Kindle Fire, kuma har yanzu masu kayan hannu na sayar da shi da wannan suna. Za ka ji mai shago na cewa, "Malam, ai wannan ma Kindle ce, har ta fi, ga kala ga bidiyo." Fuskarsa irin ta waya ce, batirinsa na awanni ne. Gwajin ba wuya: danna maɓallin kashewa. Na'urar karatu ta gaskiya hoto ko rubutu na nan zaune a fuskarta ko tana barci, tabulet kuwa baƙi ƙirin zai yi. Sannan ka fita da ita bakin shago cikin rana ka gani.

Sayen ta hannu ba laifi ba ne, nan ma arahar take, amma a nan ne ake sayen tsuntsu daga sama gasasshe a buɗe a tarar ba haka ba. Kindle da aka kai rahoton an sace ko ta ɓata, Amazon kan toshe lambarta, ba za ta sake karɓar rajista ba. Don haka ka kunna mata intanet daga wayarka a gaban mai sayarwa, ka tabbatar an cire asusun mai ita na farko, ka sa naka ya shiga, kafin kuɗi su bar hannunka. Ka kuma tambayi shekarar fitowarta. Samfurin Kindle mafi araha bai samu fitilar karatu ba sai a 2019, irinsa da suka fito kafin nan ba sa karantuwa a duhu sai da tocila. Ta 2022 ce ta zo da rubutu mai kaifi sosai da bakin caji na USB-C irin na wayoyin yanzu. Waɗanda suka tsufa ƙwarai, irin mai maɓallan rubutu a ƙasa, tun watan Agustan 2022 aka daina sayen littafi kai tsaye daga cikinsu. Buɗe farin shafi ka duba da kyau: siririn layi da ya ratsa, ko wani lungu da ya daskare ba ya canzawa, alamar gilashin ciki ya tsage ne, kuma ba kayan da masu gyaran waya suka saba ajiyewa ba ne. In daga Kano ko Legas za a sako maka a mota, tura wa mai sayarwa fayil ɗinka, ya buɗe shi a na'urar ya ɗauko maka bidiyo.

Sai batun yadda littafi zai shiga. Mutane na zaton za su buɗe WhatsApp ko Wattpad a ciki su ci gaba da littattafan Hausa da suke bi. Kindle da Kobo ba a sa musu manhajojin waya. Wata na'urar karatu mai suna Boox ce ke aiki da Android, ita kuma ta fi tsada kuma ta fi shan caji. Kobo na buɗe EPUB kai tsaye in ka jona ta da kwamfuta ka zuba. Kindle kuwa sai ka tura ta hanyar Send to Kindle, wadda ta fara karɓar EPUB a 2022, ko ka juya fayil ɗin da manhajar Calibre. Wani lokaci littafin Hausa zai buɗe ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito daban da sauran haruffa, ko sun zama ƴan akwatuna. Ba na'urar ce ta lalace ba, samfurin haruffan ne ba shi da su. Sauke samfurin haruffa na Charis SIL ko Andika, ka zuba a foldar haruffa ta na'urar, ka zaɓe shi.

Girman ma'aji ba abin ƙara kuɗi a kai ba ne, gigabait 8 na ɗaukar dubban littattafan rubutu.

Abin da ake mantawa a lissafi shi ne murfi. Gilashin da ke ƙarƙashin fuskar siriri ne ƙwarai, jaka ɗaya da kwanon abinci da caja a cikin Keke ya isa ya fasa shi ba tare da ta faɗi ƙasa ba. Zafi ma abin kula ne: Amazon ta ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin da za a yi aiki da Kindle, Bauchi kuwa a Maris da Afrilu takan wuce haka, don haka kada a bar ta a gaban mota a rufe. Da hunturu kuma ƙura kan cika bakin caji har ta ƙi karɓar wuta. Busasshen burushi mai laushi ake sa wa, ba allura ba.